Yadda Ake Kafa Kyamarar Daji Don Bin Sawun Barewa a Lokacin Barbara

Katin ajiyar hoto na farko da na ciro daga kyamarar daji, wato wadda ake ɗaurewa a bishiya ta riƙa ɗaukar hoton dabbobi da kanta, a nan jihar Wiskonsin ta Amurka cike yake dam da hotuna. Na dawo gida ina rawar jiki, na zauna gaban kwamfuta na fara buɗewa: ciyawa, ciyawa, wani kurege, sai kuma ciyawa. Ashe wani dogon tsiro na bari a gabanta, rana na dukansa iska na kaɗa shi, ita kuma tana ta ɗauka har batir ya mutu. Barewa ko ɗaya babu. Dattijon da nake farauta a gonarsa ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya zaunar da ni ya fara koya mini aikin daga tushe.

Barewar da ake magana a nan ba irin tamu ta gida ba ce. Ta Amurka ce, mai farin ƙarƙashin wutsiya, wadda idan ta firgita take ɗaga wutsiyar kamar tuta. Namijinta, bari mu ce masa kishimi kamar yadda muke kiran namijin tamu, ƙahonsa mai rassa ne, ƙashi ne zalla, kuma kowace shekara yakan zubar da shi cikin hunturu ya fitar da sabo. Kusan duk shekara babban kishimi ba ya ganuwa da rana. Makonni kaɗan ne kawai yake zubar da wayonsa, wato lokacin barbara, kuma su ne makonnin da kyamara ta fi amfani.

Fara da kalanda

Ba sanyi ne ke tayar da barbara ba, ba kuma farin wata ba, ko da yake za ka ji maharba suna musu a kan haka har gobe. Gajartar yini ce. Idan rana ta fara saurin faɗuwa a kaka, jikin dabbar yakan sauya, shi ya sa a jihohin arewa irin su Wiskonsin, Mishigan da Ayowa lokacin ba ya gocewa sosai daga shekara zuwa shekara: tsakiyar Nuwamba ne ganiyarsa. Macen takan ɗauki ciki na kimanin kwana 200, ta haihu a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, lokacin da ciyawa ta fito. A kudu lissafin daban ne. Akwai sassan Alabama da sai Janairu ake barbara, don haka wanda ke can ya nemi jadawalin hukumar namun dajin jiharsa.

Abin yana tafiya ne mataki-mataki. Daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshensa maza suna sa alama a daji, suna gwada ƙarfi da juna. Farkon Nuwamba sai su bazama neman mata, dare da rana. Tsakiyar wata kowane babban namiji ya samu mace ya killace ta a cikin duhuwa, kwana ɗaya ko biyu ba ya barin gefenta, domin kusan yini ɗaya ne kacal take karɓarsa. Bayan nan kuma sai yunwa. Kowane mataki da wurin da ya kamata kyamara ta kasance, kuma kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗaure ta wuri guda tun Satumba a bar ta nan har Disamba. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Doka tukuna

Kada ka sayi komai sai ka karanta dokar jiharka ta bana. Arizona ta haramta amfani da irin wannan kyamara wajen farauta tun farkon 2022. Kansas ta hana kafa ta a filayen gwamnatin jiha a 2023. Wasu jihohin sun yarda da mai ajiye hoto a kati amma sun taƙaita mai aiko hoto ta waya, wasu kuma suna so ka rubuta shaidarka a jikinta. Idan gonar wani ce, nemi izini, kuma ka faɗa masa daidai inda ka ɗaure, kada iyalinsa su ga kansu a hoto ba su sani ba.

Haka batun zuba masara ko gishiri don jawo dabbobi gaban kyamara. Akwai wata cuta da ke lalata ƙwaƙwalwar barewa har ta rame ta mutu, wadda aka gano a Wiskonsin a 2002, kuma taruwar dabbobi baki da baki a wuri guda yana yaɗa ta. Saboda ita gundumomi da yawa a nan sun hana zuba abinci. A lokacin barbara ma ɓata kuɗi ne, namiji ba ta ciki yake yi ba.

Wace kyamara, kuma me za a yi mata a gida

Kyamarar daji tana da wani ido da ke jin zafin jiki mai motsi. Idan abu mai ɗumi ya gitta, sai ta farka ta ɗauka. Abu biyu za ka duba a jikin kwali: tsawon lokacin da take ɗauka kafin ta farka, da tsawon lokacin da take buƙata kafin ta sake ɗaukar na biyu. Nemi wadda ke farkawa ƙasa da rabin daƙiƙa. Yawan megafiksal da ake rubutawa da manyan haruffa kada ya ruɗe ka, talla ce ta fi yawa a ciki.

Fitilar dare iri uku ce. Akwai fara mai walƙiya, wadda ke ba da hoto mai launi. Akwai mai ɗan jan haske da ake iya hangowa idan an kalle ta. Akwai kuma wadda ba ta nuna komai. A wurin da namiji zai tsaya kusa ya daɗe, ni wadda ba ta nuna komai nake sa wa, ko da yake haskenta bai kai na sauran nisa ba. Tana da wani amfanin kuma: ɓarawo ba ya ganin ta.

Sai mai kati ko mai layin waya. Kamfanoni irin su Reconyx, Browning, Bushnell, Moultrie da Spypoint duk suna cikin wannan kasuwa. Mai layi tana aiko hoto kai tsaye, amma akwai kuɗin wata, kuma inda babu sabis ta zama mai kati mai tsada. Idan kuɗinka na kyamara uku ne, sayi ɗaya mai layi don wurin da ba ka son takawa, biyu masu kati don bakin gona da gefen hanya.

A gida, kafin ka fita: sa batir na litiyam, domin na gama-gari yakan yi sanyi a daren Nuwamba ya daina aiki alhali bai ƙare ba. Kada ka gauraya tsoho da sabo. Goge katin a cikin kyamarar kanta, ba a kwamfuta ba. Kowace kyamara ka ba ta kati biyu nata na kanta, ka rubuta lambarta a jikinsu, ɗaya na ciki ɗaya na aljihu. Gyara kwanan wata da agogo. Ga wani tarko da ke kama mutane duk shekara: ranar Lahadin farko ta Nuwamba ake mayar da agogon Amurka baya da awa ɗaya, daidai lokacin da neman mata ya kankama, kuma mai kati ba ta san an yi ba. Ko ka gyara ta, ko ka riƙa cire awa ɗaya a lissafinka. Daga ƙarshe ɗaure ta a bayan gida ka gitta gabanta sau uku, ka ga ta kama ka.

Inda za a ɗaure

Nan ne aikin yake. Maharbin gida yana karanta sawu da kashi da karyayyen reshe. Kai ma sai ka yi wannan karatun da ƙafarka tukuna. Kyamara tana tabbatar da abin da ido ya riga ya zarga ne, ba ta nemo maka daji.

A Oktoba, nemi matona. Namiji yakan zo ƙarƙashin wani reshe da ya sunkuyo daidai kansa, ya karce ganyen ƙasa da ƙafafun gaba har ƙasa ta fito fili kamar faɗin tire ko fiye, ya haɗa ƙafafun baya ya yi fitsari ta kan wasu kumburai masu wari da ke gwiwarsa, sannan ya miƙa kai ya goga goshi da gefen ido a reshen, ya tauna bakinsa. Wasiƙa ce ya bari. Duk namijin da ya biyo ta nan zai tsaya ya karanta ya bar tasa, mata ma suna zuwa. Reshen shi ne jigon wurin: sare shi, matonar ta mutu. Don haka idan ka ga karce a ƙasa ba reshe a sama, kada ka ɓata kyamara a kai.

Ba duk matona ce ke da daraja ba. Waɗanda ke jere a bakin gonar masara ko waken soya da dare ake ziyartarsu kusan koyaushe. Suna da amfani wajen ƙirga mazan da ke yankin, amma ba za su nuna maka inda namiji ke bi da rana ba. Wadda ka fi so ita ce babba, mai danshi da wari, a cikin daji kusa da duhuwa, inda hanyoyi biyu ko uku suka haɗu, wadda ake sake buɗewa shekara bayan shekara. Mako biyu a kan irin wannan a ƙarshen Oktoba zai nuna maka yawancin mazan da ke zagayen.

Idan matonar tana wurin da babu bishiyar ɗaurewa, kana iya haƙa taka. Nemi reshe mai tsayin ƙirjinka a gefen hanyarsu, ko ka rataya kauri-kaurin igiya ko kurangar inabin daji, ka karce ƙasa da sanda. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa. Fitsarin barewa na kwalba da ake sayarwa, wasu jihohi sun hana shi saboda cutar nan, ni kuwa ban taɓa ganin ya zama dole ba.

Za ka kuma ga ƙananan itatuwa da aka saluɓe wa ɓawo da ƙaho. Itace ɗaya ba ya cewa komai, wataƙila sau ɗaya aka bi ta nan. Amma idan sun jeru, gefen da aka goge yana nuna maka daga inda namijin ya fito, ita kuma jerin tana nuna hanyarsa tsakanin makwanci da wurin kiwo.

Da Nuwamba ya kama, sai ka ga matonar da ke cike da baƙi ta yi tsit, ganye ya fara rufe ta. Ba gudu suka yi ba. Sun daina rubuta wasiƙa ne sun tafi neman masu ita. Yanzu sai ka daina bin namiji, ka bi mata. Wannan ita ce shawarar dattijon da na fi cin moriyarta. Mata ba sa canza rayuwarsu sosai: makwancinsu na nan, wurin kiwonsu na nan, ƙarƙashin itatuwan da ake kira oak masu zubar da 'ya'yan da suke ci ko gonar da aka girbe. Namiji kuwa yana zagaya makwantan ɗaya bayan ɗaya, kuma ba ya kutsawa ciki. Yakan bi ta gefen da iska ke fita, yana shaƙar ko akwai wadda ta shirya. A nan iskar kaka ta fi tasowa daga yamma da arewa maso yamma, saboda haka gefen gabas da kudu maso gabas na duhuwa nake dubawa. Hanyar tasa siririya ce, da ƙyar ake ganin ta, sau da yawa tana yanke manyan hanyoyin mata a kaikaice. A kanta za ka ɗaure.

Wuri na biyu shi ne matsatsi, inda ƙasa da kanta ke tilasta wa dabba bi ta ƙaramin wuri: siririn daji da ya haɗa manya biyu, mashigar rafi mai sauƙin tsallakawa, kwarin da ke tsakanin tudu biyu, kusurwar gona da ta kutsa cikin daji, ko inda shinge ya karye. Buɗe taswirar tauraron ɗan'adam a wayarka, za ka gano rabinsu kana zaune. Namijin da ke yawo daga wannan makwanci zuwa wancan dole ya ratsa ta nan, kuma a irin wurin ne za ka ga baƙon kishimin da ba ka taɓa gani ba, da tsakar rana tsaka.

Ɗaurewar kanta

Fuskanci arewa da ita idan da hali. Gabas da yamma suna sa ta kallon fitowar rana da faɗuwarta, daidai lokacin da dabbobi suka fi motsi, hoton ya fito fari fat. Kudu ma a Nuwamba rana na ƙasa-ƙasa ta wannan gefen duk yini.

A kan hanya, kada ka sa ta tana kallon hanyar ta gefe sak, domin namiji mai sassarfa zai wuce kafin ta farka, ka samu hoton wutsiya. Karkata ta ta riƙa kallon tsawon hanyar a kaikaice, yadda dabbar za ta daɗe a gabanta. A kan matona, ja baya kamar mita huɗu zuwa shida, ka tabbata reshen da ƙasar duka sun shiga.

Tsayin ƙugu shi ne na littafi, kuma nan ido mai jin zafi ya fi aiki. Amma tsohon namiji yana lura da akwatin da ya tsaya masa daidai fuska. Na sha ganin hoto ɗaya na babban kishimi yana zura wa kyamara ido, daga nan ban sake ganinsa a wurin ba. Yanzu a matona nakan ɗaga ta sama da kaina, mita biyu ko fiye, in cusa ɗan kara a bayanta ta sunkuyo. Filin da take gani yana raguwa, amma dabba ba ta cika ɗaga kai ba, mai tsince-tsince ma haka. Zaɓi bishiya mai kauri wadda iska ba ta girgizawa, ka cire duk ciyawa da reshen da ke gabanta. Kafin ka tafi, ɗauki hoton gwaji ka duba, sannan ka tabbata ka kunna ta. Kada ka yi dariya, na taɓa barin ɗaya a kashe kwana goma sha biyu.

Saiti: a matona, bidiyo na daƙiƙa 15 zuwa 20 ya fi, domin zai nuna maka ta ina ya zo, ta ina ya fita, kuma za ka ga ƙahon ta kowane gefe. A matsatsi da gefen makwanci, sa ta ɗauki hoto uku a jere, hutun da ke tsakani kuma ya zama mafi gajarta da take iyawa. Dalili: mace ce ke gaba, namiji na biye da ita da 'yan daƙiƙoƙi. Idan ka sa hutun minti ɗaya, kyamara za ta ɗauki macen ta yi barci, shi kuma ya wuce salin-alin.

Dubawa

Abin da ya fi korar barewa daga wuri ba kyamara ba ce, mai kyamarar ne. Zumuɗin ganin hoto yana sa mutum ya riƙa shiga duk bayan kwana biyu, kowace shiga kuma yana barin wari a ƙasa da jikin ganye. Hancin wannan dabba ya wuce wasa. Zafin nema ba ya kawo samu.

Wadda ke bakin gona, inda suka saba da ƙarar tarakta da mota, kana iya duba ta mako-mako. Wadda ke kusa da makwanci ka bar ta sai ranar da hanyarka ta farauta ta bi ta wurin, ko ka bar ta har ƙarshen lokaci. Shiga da tsakar rana, iska na kwashe warinka daga duhuwa ba zuwa cikinta ba. Sa takalmin roba da safar hannu, kada ka taɓa reshen matona. Idan ana shirin ruwa, to ka dace, zai wanke sawunka. Canza kati ka fita, kallon hoto sai a gida. Idan kuma lokacin bindiga ya shiga, wanda a Wiskonsin kwana tara ne daga Asabar ɗin da ke gaban bikin godiya na ƙarshen Nuwamba, kada ka taka daji ba riga mai launin ruwan lemo mai ƙyalli, ko da kati kawai ka je ɗaukowa.

Karanta abin da ka samu

Hoton babban ƙaho da ƙarfe biyun dare abin nuna wa abokai ne, ba ya gaya maka komai sai dai cewa yana raye. Ware hotunan rana daban. Ga kowane ɗaya rubuta kwanan wata, lokaci, kyamarar da ta ɗauka, inda ya fuskanta, sannan ka duba tarihin yanayi ka ƙara iskar ranar da sanyinta. Bayan ɗan lokaci za ka fara ganin cewa wane yana bin mashigar rafi ne idan iska ta taso daga arewa, ko kuma safiyar da sanyi ya sauka bayan kwanakin ɗumi ita ce ke sa su yawo da rana.

Hotunan suna gaya maka matakin da ake ciki. Ƙananan maza suna ta kai-komo da rana: abin ya kusa. Namiji da kumburarren wuya, gwiwoyin baya sun yi baƙi, baki a buɗe, hanci a ƙasa: nema ya kankama, ka ɗauki hutun aiki idan kana da shi. 'Ya'yan bana suna yawo su kaɗai ba uwa: ana bin uwar. Kyamarori duka sun yi shiru a tsakiyar wata: maza sun killace mata, ka yi haƙuri, bayan kwana biyu za su fito neman wata. Shekarun namiji kuma a jiki ake gane su, ba a ƙaho ba. Yaro siriri ne mai dogayen ƙafafu kamar mace da ƙaho, babba kuwa wuyansa da ƙirjinsa sun haɗe sun zama abu guda.

Ka kuma san iyakarta. 'Yan mitoci ne take gani a cikin daji mai faɗi, kuma na sha zama a kan bishiya ina kallon namiji ya bi ta bayan kyamarata. Rashin hoto ba shaidar rashin dabba ba ne. A makon nema kuwa namijin da ta ɗauka jiya yana iya kwana a gonar da ke nesa yau. Shi ya sa hotunan bana sun fi yi maka aiki baɗi: matsatsin da ya cika da maza tsakanin 5 da 10 ga Nuwamba bana, akwai kyakkyawan zato zai sake cika a waɗannan ranakun, ko da mazan sun canza. Buɗe jaka a kwamfuta ga kowace kyamara, kowace shekara.

Kada ka kwashe kaya da ƙarewar Nuwamba. Macen da ba ta ɗauka ba takan sake shiryawa bayan kimanin kwana 28, wasu 'yan matan bana da suka yi ƙiba ma suna shiga layi, don haka akwai ƙaramar barbara ta biyu a Disamba. Maza a lokacin sun rame, wani ya zubar da kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa, abinci suke nema ido rufe. Mayar da kyamarorin kan hanyoyin da ke shiga gonar da ta rage da hatsi, sa sabon batir, ka ɗan ɗaga su saboda dusar ƙanƙara. Bar ɗaya ko biyu har Fabrairu: su za su nuna maka mazan da suka tsira, da makon da kowannensu ya fara zuwa da ƙaho ɗaya a ka.